Geron Jego a Motar Aziz

Duk unguwar Mount Hope ta Bronx an san Malam Tamimu mai tasi da abu biyu: ba ya zuwa gidan mutum hannu rabbana, kuma ba ya ɗora kaya a kansa. Ya yi dako a kasuwar Maraɗi har gashin tsakar kansa ya ƙare, shi ya sa ranar da ya sauka New York ya ce shi da gammo har abada. Ko ledar albasa ce, a hannu yake riƙe ta.

Ɗansa Aziz kuwa mota ya saya, ja, mai ƙofa biyu, cikinta ya kusa lasar kwalta. Ranar da ya kawo ta, Tamimu ya zagaya ta ya ce, "Wannan ai ƙadangare ne." A gaban abokan yaron fa ya faɗa. Tun daga nan Aziz ya ɗauke ƙafa, gaisuwa sai ta waya, ita ma da Turanci, a gajarce. Abin ya ci Tamimu ƙwarai, amma bakin nan nasa ya ƙi ba da haƙuri.

Sai ga shi Hamdatu, ƙanwar Aziz, ta haihu can jihar Vermont, tasin Tamimu kuma tana gareji. Aziz ya ce zai kai shi suna, amma jaka ɗaya tak za a ɗauka. Tamimu ya ce to. Yaron na hawa sama ya gaida mahaifiyarsa, dattijo ya cusa buhun gero biyu a but, ya lulluɓe da darduma. Mai jego ba kunu? Ina aka taɓa yi?

Tun daga Bronx hankalin Tamimu bai kwanta ba. Duk tudun da suka taka sai ya ɗauke numfashi yana jiran ƙara. Ga shi yau Aziz ya sake, har yana yi masa hira, rabon da ya ji haka an daɗe. Idan motar nan ta goge ƙasa saboda geronsa, ya san ba zai sake ganin yaron a ɗakinsa ba.

Da la'asar suka isa bakin tafki, inda jirgin fito ke ɗaukar motoci. Tsakanin gaɓa da jirgin akwai gadar ƙarfe mai doro. Aziz ya tunkare ta a karkace, a hankali. Ma'aikaciyar jirgin ta durƙusa ta leƙa, ta ɗaga hannu da sauri, ta nuna masa tsakanin yatsunta biyu: saura kaɗan cikin motar ya gogi ƙarfen.

"Na sha hawa jirgin nan," in ji Aziz. "Ban san me ya sa motar ta zauna haka yau ba."

Motoci sun yi layi a bayansu. Zufa ta jiƙa hular Tamimu. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce, "Buɗe but."

Aziz ya ga buhunan. Ya kau da kai.

Tamimu ya sauke su ƙasa. Ya cire hula, ya naɗe dardumar ta zama gammo, ya yi bisimilla ya ɗora buhu ɗaya a ka. Da babbar rigarsa ta suna, a gaban baƙi, ya taka gadar. A bayansa ya ji motar ta haye lafiya, ko ƙis ba ta yi ba. Duk da haka ya kasa waiwayawa.

Da ya dawo ɗaukar na biyu, sai ya tarar da Aziz tsaye a kan buhun, ya tuɓe rigar sanyinsa yana murɗa ta, ya kasa.

"Baba," ya ce da Hausa, "yaya ake naɗa abin nan?"