Maiwada Mai Faci, Wanda Ya Ƙi Ɗaura Wa Ƙaninsa Taya

Da an idar da sallar Asuba, Malam Maiwada ba ya zarcewa rumfarsa ta faci da ke bakin tashar Gaya. Tashar yake fara shiga. Ya bi a-kori-kurar da ke lodi ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa, ya cusa hannu tsakanin tayar baya da ƙarfen da ke samanta. In hannun ya shige, ya miƙe ya yi gaba. In bai shige ba, sai ya nemi direban. Ba wanda ya sa shi wannan aiki. Direbobi har suna suka sa masa, Limamin Taya.

"Liman, yau ma wa'azin ne?"

"Sauke buhunan nan na sama tukuna, sai mu gaisa."

A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara hazo. Shi ya sa na ga bai kamata ya tafi gida shiru ba.

Wanda bai san hanyoyinmu ba zai yi mamakin yadda ake ɗaga mota a nan. Hanyar Gafasa da ta Toranke yashi ne da rani, taɓo da damina. Sai mai a-kori-kura ya ƙara mata sifirin, ƙarafan da ke tallafe jikinta a kan taya, ta yi tsayi, ta ɗauki buhunan gero har su wuce kan direba, mutane kuma su hau saman buhunan. Da mota ta ɗagu, sai ido ya raina tsohuwar tayarta, mai ita ya tafi neman dogaye masu manyan haƙora. Kowa yana gwada su ne motar tana wofi, ya ga sarari ya ishe shi. Maiwada shi kaɗai ne ba ya zaɓa wa motar da ba kaya taya. Maganarsa ɗaya ce: "Je ka yi lodi ka dawo."

Haka ya faɗa wa Bashir, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, shekarar da ya sayi tasa motar. Waɗanda ke zaune a bencin rumfar ranar sun ba ni labarin, bakinsu bai saɓa ba. Bashir ya zo da tayoyin gwanjo dogaye, yana ta murna. Ya je ya yi lodi ya dawo yana dariya. Maiwada ya jingina taya ɗaya a jikin motar, ya auna da hannu, ya danna robar da babban yatsa.

"Ba zan ɗaura ba. Ta yi tsawo, za ta riƙa gugar ƙarfe in ka karya kwana. Kuma robar ta ƙasar sanyi ce, zafin ƙasarmu zai dafa ta."

"Haba Yaya, da faci aka san ka, ba da duba ba."

"Ka bar min motar, in nemo maka daidai ita."

"Kasuwa jibi ce. In ba ka so, masu so suna nan."

Bashir ya kai motar wani gari aka ɗaura masa. Ranar kasuwa, da zafin azahar, yana dawowa daga Toranke da gero da mutane a sama, tayar baya ta fashe a kwana, motar ta kife. Buhunan ne suka danne su. An yi jana'izar wasu mata da wani dattijo da jikarsa a yammacin nan. Bashir ya rayu, amma tun daga ranar bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

A wurin zaman makoki, mahaifiyarsu, Dada, ta dubi Maiwada a gaban mutane ta ce, "Da ka ɗaura masa da hannunka, da ka ɗaura daidai. Kai ka kore shi wurin baƙo." Ya sunkuyar da kai. Ba a mayar wa uwa magana, balle uwar da ɗanta ke kwance.

Wani da ya sha wannan, sai ya koma yi wa kowa abin da yake so, ya huta. Shi kuwa tun lokacin ya fara zagayen tasha. An zage shi. An ce yana kashe wa mutane kasuwa. Abdulmumin direba, wanda ke jigilar Ajingi, ya ce da bakinsa ya taɓa ture shi har ya faɗi zaune, washegari kuma ya tarar da shi durƙushe a gindin motarsa. "Na ce, Baba ba ka da zuciya ne? Ya ce, akwai, tana gida tana jinya." Abdulmumin ya sauke dogayen tayoyinsa a makon.

Jinyar gaskiya ce. Shi ke ɗaga Bashir, shi ke yi masa wanka, shi ke riƙe da 'ya'yansa. Dada ta rasu ba ta janye maganarta ba. Bashir kuwa, in an ambaci ranar, bango yake juyawa ya kalla.

Malam Maiwada, kai ne ka ce a'a lokacin da i ta fi sauƙi. Kai ne mai hannun da ba ya yi wa mota ƙarya. Ba mu san adadin waɗanda suka isa gida saboda kai ba, su ma ba su sani ba, sun sauka ne kawai sun karkaɗe riga. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiyar gwiwa da ta ido.

Masu faci da direbobi, rumfar za ta rufe, motocin kuwa sai ƙara tsayi suke yi. A samu wanda zai iya ƙin ɗan'uwansa don ya rayu.

Saura magana ɗaya, wadda aka daɗe ba a faɗa maka ba a gida. Mu da 'ya'yanmu ke hawa saman buhunan nan za mu faɗa maka: ba kai ka kore shi ba, Malam. Ka yi daidai.