Wane ne Kakanka?

Har yau ban gane ba: me 'yar ƙugiyar nan da Turawa ke ratayawa a saman rubutu ta yi wa Baban Rifkatu har ta hana shi zama? Ni ban yi boko ba. Rifkatu ce ke rubutawa, ni ina faɗa ina share hawaye.

Tun da ta ɗauko mu zuwa Doha, inda take aikin nas, mutumin nan bai iya zaman ɗaki ba. Safe da yamma yana zagaya unguwar Old Airport da hular sanyi, cikin wannan zafin! Abin da ke cin ransa jikokinmu ne. "Grandpa" kawai suka sani, ba su san sunansa Dauda ba.

In yaro ya ce masa "I can't", sai ya ɗaga sanda, wai ƙugiyar nan alama ce an haɗiye harafi. "Kai, amayo sauran! Duk shekarun da na yi ina buga tafireta a Kafanchan, ban taɓa cinye harafin gwamnati ba."

Sai ciwon zuciya ya haɗa shi da wani likita ɗan ƙasar Ailan, mai irin ƙugiyar a sunansa. Ya riƙe masa riga: "Likita, kai kuma me ka haɗiye?" Likita ya yi dariya, ya ce su ba su haɗiye komai ba, O ɗin da ke gaban sunansu "jikan wane" take nufi.

Wayyo! Ranar ko tuwo bai ci ba. Yara duk suka koma O'Dauda. Mai tasi ya ce, "Yalla, Baba, ina za mu?" Ya ce, "Tukuna. Wane ne kakanka?" Har kyanwar maƙwabta ya tare a bene. Na ce, "Malam, ita ma?" Ya ce, "Daga sama ta faɗo?"

Da ya juyo kaina, sunan kakana ya ɓace mini. Ya dinga damun mutanen ƙauyenmu da waya har ya samo shi: Gimba.

Ranar da jikinsa ya yi tsanani muka kai masa yaran asibiti. Wata nas ta tambayi ƙaramin sunansa. Yaron ya miƙe ƙyam: "O'Dauda!"

Allah ya ba shi hutun da bai taɓa yarda ya yi ba, ya zaunar da shi cikin kakanninsa. Kafin ya cika, hannuna ya matse, ya ce:

"Kin ji ko, O'Gimba? Khalas, shi ke nan. Yanzu sai in zauna."