Dakta Binta da Na'urar Sauraren Jini

Ina cikin keke a mahaɗar Abattoir, kan hanyar zuwa aiki, ƙanwar mijin Dakta Binta ta kira ni. Ta ce Dakta ta cika da asuba. Na yi salati, na ce wa mai keke ya juya Rayfield, unguwar da gidanta yake. Kwanaki kaɗan kafin nan ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta sake farfaɗowa ba. Cutar da ta ƙarar da rayuwarta tana bincike a kanta ita ce ta zama ajalinta.

Ni nas ce, na yi shekaru a ƙarƙashinta. Bincikenta a kan shanyewar ɓarin jiki ne a jarirai da ƙananan yara, musamman masu sikila. Mutane da yawa ba su yarda yaro na iya kamuwa da wannan ba, sai su ce iska ce ta taɓa shi. Haka aka ce da ƙanenta ya tashi da karkataccen baki yana ɗan shekara huɗu, aka yi ta hayaƙi har ya rasu. Sau ɗaya ta ba ni labarin, ba ta ƙara ba.

Muna da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kan yaro, tsakanin ido da kunne, sai a ji gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Na mai lafiya yana tafiya a hankali. Na wanda ke cikin haɗari kuwa siririn fito yake yi, har tsigar jiki ta tashi. Takan ce mana, “Ku saurara da kyau, wannan yaron bai iya faɗin inda ke masa ciwo ba.” Ba ta fara gwaji sai ta ɗumama kan na'urar a tafin hannunta saboda sanyin Jos. In uwa ta fashe da kuka, sai ta ce, “Yau ba ranar kuka ba ce, mun riga cutar zuwa.”

Wata guda kafin rasuwarta na shiga ɗakin gwaji na same ta ita kaɗai, ta ɗora na'urar a kanta. Na ji sautin daga bakin ƙofa, na kuma gane shi, siririn fiton nan ne. Ta kashe, ta dube ni, ta ce na manya daban ne, kada in sa komai a raina. Amma tun daga ranar ta daina yin gwajin da kanta. Sai ta tsaya a bayana, ni nake yi.

Akwai abin da na daɗe ina shakkar faɗa. Washegarin jana'iza wata mata mai sayar da tumatir a Tudun Wada, Maman Nanfe, ta shigo da ɗanta mai sikila. Ta daɗe da daina kawo shi, mun neme ta mun gaji. Na tambaye ta abin da ya dawo da ita.

“Sista, Dakta ce ta zo wurina jiya da yamma,” in ji ta. “Ta riƙe hannun Nanfe, ta ce in kawo shi da safe, kada in yi latti.”

Jiya da yamma Dakta tana kabarinta. Na kwantar da yaron, na ɗora na'urar, sai ga siririn fiton nan ya cika ɗakin. A ranar aka yi masa ƙarin jini. Sai da aka gama na gaya wa uwar gaskiya. Ta zauna a ƙasa, sannan ta tambaye ni, “To wane ne ya riƙe hannun yarona?”

Na san mamaci ba ya dawowa. Na ce mata wataƙila ta rikita ranakun ne, ko wata mai kama da Dakta ce. Ta ce ranar koyon waƙarsu ce a coci, ba za ta manta ba, kuma farar rigar asibiti ce a jikin Dakta. Shi Nanfe cewa ya yi hannun Dakta da sanyi. Na bar wa Allah sanin wannan. Abin da na sani, yaron yana tafiya da ƙafafunsa biyu, ya ma shiga makaranta.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Binta, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka makwancinta. Ka sa kowane yaro da ta saurara ya zama shaida gare ta ranar hisabi. Ka ba mijinta Malam Isiyaku da 'ya'yanta, Safiya da Abdullahi, haƙurin wannan rashi, Ka tsare su a bayanta. Mu kuma da ta bar wa aikin, Ka ba mu kunnen ji. Amin.