Tumbin Dogo Mai Aski

Dogo ake ce masa, kuma har ya manyanta bai taɓa yin jiki ba. Shagonsa kujera biyu ne da madubi mai tsaga a gefe, a nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aski a tsaye. Tsayuwar ce ta ci masa gwiwoyi. Wani kwastoma ya nuna masa wasu ƙananan ƙwayoyi, ya saya a kemis, ciwo ya ɗauke cak. Tun daga nan kullum sai ya sha.

A hankali tumbi ya fito, fuska ta cika ta zagaye, hannaye da ƙafafu kuwa sai sirancewa suke.

"Dogo, wata nawa ke nan?" in ji kwastomomi.

Yakan taya su dariya, amma gabansa na faɗuwa, don da kumburin ciki mahaifinsa ya rasu, hanta ce ta lalace. Ya rage cin abinci, ciki bai sauka ba. Sai ya fara nuna wa ƙaninsa inda makullai suke, yana yi wa yara nasihar da ba su tambaya ba.

"Baban yara, wasiyya kake mana?" in ji matarsa. "Tashi mu je asibiti."

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Da suka koma, likita ta ce hantarsa lafiya lau. Ta tambayi abin da yake sha, ya zaro ƙwayoyin daga aljihu.

"Ga ɓarawon nan," in ji ta. Ta yi masa bayani cewa jiki na da wani sinadari, kotizol, wanda yake saki in mutum na cikin damuwa, ƙwayoyin kuwa aikinsa suke yi. In ya yi yawa sai ya tara kitse a ciki da fuska, ya zuƙe naman gaɓoɓi. "Kada ka bari farat ɗaya, da haɗari. A hankali za mu rage, mu nema wa gwiwar wani magani."

"Likita, ba tafiya zan yi ba ke nan?"

"Gida dai za ka tafi."

Dogo ya yi dariya har da hawaye. A bakin ƙofar asibiti ya ce shi fa yunwa yake ji. Matarsa ta harare shi, sannan ta tsayar musu da mota.