Babin da Ni da Baba Muka Tsallake

Baba ya yarda! Jama'a, zan tafi karatu Kano! Kuma wallahi wani tsohon littafi ne ya yi min aikin.

Tun da na samu gurbi a jami'a Baba ya ce sam. Ni kaɗai ne namiji babba a gidanmu a Zandam, wa zai riƙe masa gona? Kawuna ya yi magana, liman ya yi, Baba ko gezau.

Littafin kuwa, a sakandare a Birnin Kudu aka ɗora mana shi. Hausa ce, amma ta mutanen da, jimla ɗaya sai ka yi numfashi biyu. Labarin wani saurayi ne da ya gudu daga gonar ubansa ya shiga duniya. Inda ake tafiya da rigima nake karantawa, sauran in yi fuska. Ashe Baba ma ya karanta shi yana saurayi, kwafinsa na nan cikin akwati, bango ya cinye.

Ranar kasuwar Gwaram ya dawo da wuri, ya zauna gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa. Ya ce idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu, in zo in karanta masa littafin. Raina a ɓace, amma na zauna. Muka yi ta yi kullum bayan la'asar.

Da muka iso babin da tsohon, uban saurayin, yake zagaya gonarsa shi kaɗai, shafi wajen goma ba abin da ke faruwa, sai na haɗa shafukan na juye.

Baba ya ce, "Kai, malam, me ka tsallake?"

"Ba komai a wurin, Baba. Tsoho ne kawai yake ta surutu da kansa."

Ya yi dariya. "Ja'iri. Ni ma nan nake tsallakewa. Lokacin ina bayan yaron ne, ina cewa tsohon nan ya cika takura. Koma baya mu ji me yake cewa."

Na koma. Tsohon yana bin kunya-kunya, yana tuna inda ɗansa ya fara riƙe fartanya. Can ya ce ba tafiyar ce take cinsa ba. Abin da ke cinsa, yaron ya fita ta bayan gida ba sallama, albarkar da ya tanada masa ta rasa inda za ta sauka.

Hannun Baba ya tsaya cikin gyaɗar. Kai, tsikar jikina ta tashi! Wurin da nake cewa ba komai, shi ne ya sa mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba yake goge ido da hannun riga. Rubutun bai canja ba, tun kafin a haife ni yake kwance a akwatin nan. Wanda ya rubuta ya san wata rana Baba zai tsufa ya dawo ne? Ni dai har yanzu abin ya fi ƙarfin kaina.

Baba ya ce, "Sake karanto wurin."

Na sake. Sannan ya ce, "Kai ta ƙofar gida za ka fita, da rana, in sa maka albarka. Amma duk hutun damina ina son ganinka a kan kunya."

Na ce, "Baba, ko ba hutu zan zo!"

Ya ce, "Ƙarya kake. Ɗauko min buta."

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura wa wani.