Hajiyarmu da gammo a kan injin tafiya

Ina juyowa na hango Hajiyarmu a kan injin tafiya, ta naɗe mayafinta ta yi gammo, ta ɗora jakarta a ka.

Likita ne ya ce jininta ya hau sosai, dole ta riƙa motsa jiki. Da ƙyar na lallaɓo ta daga Zongo zuwa wurin motsa jiki na mata a unguwar Avédji. Tun a hanya take mita: wai ta ga zamanin da yayyena ke ɗaga gwangwanayen siminti a bayan gida, ta ga muna tsalle gaban talabijin da kaset, ta ga gudun Lahadi a bakin teku, yanzu kuma an kawo tafiyar da ba ta kai mutum ko'ina.

Da ta fara hawa injin, tangaɗi ta dinga yi, ta ƙanƙame ƙarfen riƙewa. Tana ɗora jaka a ka kuwa ta miƙe sambal, hannu a sake.

Yarinyar da ke koyarwa ta rugo. "Maman, doucement, a hankali! Sauke jakar, kar ki faɗi!"

Hajiya ko kallonta ba ta yi ba. "'Yata, da dilar gwanjo a kaina na dinga zaga kasuwar Hédzranawoé har na aurar da wannan da ta kawo ni. Ƙafata ba ta san tafiya ba kaya ba. Ƙara mini gudun abin nan."

Na yi dariya har da hawaye. Dariyar ta tsaya, hawayen ya ƙi. Wannan takun ne ya ciyar da mu.

Ku fa, me iyayenku mata suka ɗauka a ka kuka girma?