Ba Umara Mai Kamun Agwagin Ruwa

Duk unguwarmu a Bolori an ɗauka tsufa ne ya sa Ba Umara yake jan ƙafa. Ni kuwa daga zaurenmu nake hango shi in zai tafi masallaci, na lura kafaɗunsa ba sa hawa ba sa sauka, kansa yana tafiya a miƙe kamar an ɗora masa tulu. Na daɗe ban iya tambayarsa ba. Ranar da na daure na tambaya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Tafiyar cikin ruwa ce, 'yata. Ƙafar ba ta san an fito ba."

Mutumin bakin tafkin Chadi ne, wajen Baga, kafin tashin hankali ya koro su nan Yerwa. A can sana'arsa kamun agwagin ruwa, kuma bai taɓa riƙe bindiga ba. Ƙore yake zubawa a kan ruwa, ya bar su suna yawo har tsuntsaye su saba da su. Sannan ya kifa wata babbar ƙwarya a kansa, mai hudar ido biyu, ya shiga ruwa iya wuya, ya bi cikin ƙoren har ya isa garken, ya kamo ƙafa ya ja ƙasa.

"Ta gefe ake fara ɗauka," in ji shi. "Dinya kuwa, wannan babbar, in hannunka ba ƙarfi ƙyale ta, akwai ƙaya a fiffikenta. Kuma kada ta mutu maka a ruwa, mushe ke nan. Ka lallaɓa bayan ciyawa ka yanka."

Ɗansa namiji ɗaya ne, Hashim. Tun yana ƙarami yake roƙon a shiga ruwa da shi, don ba a koyon wannan aiki a tudu, sai ɗa ya riƙe ɗamarar ubansa a cikin ruwa ya bi sawunsa. Ba Umara ya yi ta ɗaga masa. Wata shekarar ya ce sanyi ya yi yawa, wata ya ce matsattsaku, wata ya ce bari tsayinsa ya ƙaru. Shekarar da ya yanke zai shiga da shi, a shekarar suka baro gida. Yanzu Hashim keke napep yake tuƙawa, har da 'ya'yansa. Abin da ya rage wa tsohon a rai shi ne ya ga ɗan nan ya fito da agwagwa ko ɗaya ce da hannunsa.

Bara da kaka, Kawu Audu, ƙanin mahaifiyata, ya zo yana ƙorafin agwagin ruwa suna cinye masa shinkafa a fadamar Jere. Na gaya wa Ba Umara. Kafin mako ya zagayo ya sa an kai ƙore an zuba a ruwan.

Matarsa, Ya Falmata, ta tuna masa likita ya hana shi shiga ruwan sanyi saboda ƙirjinsa.

"In ka shiga, ka nemi mai jinya. Ni na yi murabus."

"Wa ya ce ni zan shiga? Hashim ne."

"Da wannan tumbin? Ai sai agwagin su ɗauka dorina ce ta zo."

A tsakar gida ya koya wa ɗan nasa, Hashim da ƙwarya a ka yana jan ƙafa, jikoki suna dariya. Ya gaya masa duk abin da ya tuna.

Ranar da za a shiga ruwan na bi su da sassafe a keken Hashim. Muka tsuguna bayan kunyar gona ni da Ba Umara da Kawu. Hashim ya shiga, kuma da farko ban iya bambance ƙwaryarsa da sauran ba. Iska tana kaɗo su a hankali wajen tsuntsayen. Na ji numfashin tsohon ya sauya. Sai garken ya ɗan gusa, ya koma ɓangaren da iskar take fitowa. Ƙoren duka suka ci gaba da tafiyarsu, ɗaya kawai ta juya ta bi garken.

"Tsaya," Ba Umara ya ce can ƙasa-ƙasa. "Tsaya, ɗana." Ba shi da halin ɗaga murya. Ya yunƙura kamar zai shiga, Kawu ya riƙe masa riga.

Wuyan tsuntsayen suka miƙe. Ɗaya ta yi fito, suka tashi gaba ɗaya.

Hashim ya fito yana rawar sanyi. "Baba, me na yi? Ko motsi ban yi da ƙarfi ba."

"Ka taɓa ganin ƙwarya tana tunkarar iska?"

"Ai ba ka gaya mini wannan ba."

Tsohon ya kalli ruwan. "Ban san abin faɗa ba ne. Ni ma ba a gaya mini ba. Ubana ya tsaya, na ji a ɗamararsa, na tsaya."

Kawu ya ce a sake gwadawa gobe. Ba Umara ya girgiza kai, ya ce waɗannan sun riga sun gane, ba za su ƙara yarda da ƙwarya ba bana, ga ruwa yana janyewa. Bai yi wa Hashim faɗa ba. Ya cire babbar rigarsa ya yafa masa.

Muka dawo gida. Da la'asar na leƙo, na ga Ba Umara a ƙofar gida da bokiti da tsumma, yana wanke taɓon fadama daga tayoyin keken Hashim.